Wuƙa a Tsakiyar Suna

Litinin

Babana,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata takardar nan ta same ka lafiya kamar yadda ta bar mu. Yaya gwiwa? Kunnen ba sai na tambaya ba, don shi ne ya sa nake rubutu. Da waya na kira, Yaya zai yi ta yi maka ihu har maƙwabta su haddace sirrinmu kai ba ka ji ko kalma ɗaya ba. Shekara talatin a gindin injin buga takarda, ai kunne ya yi ƙoƙari. Ka gai da Yaya da iyalinsa. Surukinka Mai Inji yana gaishe ka. Amaryarka ma tana gaisuwa, ta zubar da haƙora biyu, ta ce in ba ka zo da alawa ba ka ba ta takardarta.

Baba, yau haruffanka sun fitar da ni kunya, shi ya sa na kasa haƙuri sai na gaya maka. Manaja, ɗan marigayi maigidanka, ya sayo sabuwar kwamfutar tafi-da-gidanka da sabuwar manhajar tsara shafi, ya ce daga yau da ita za a riƙa fitar da farantin bugu. Ni kuma ina nan da tsohuwar kwamfutarka mai tari, da ita nake buga aiki. Na gama aiki tsaf, na kai shi sabuwar, ina buɗewa sai na ga duk inda ƙ take alamar baka ce tsaye, ɗ ta koma alamar tambaya, ɓ kuwa wani ɗan akwati ne fanko. Manaja ya kama kai yana salati, wai an sayar masa da jabu.

Na zaunar da shi na yi masa karatun da ka yi min ina yarinya. Na ce kowane harafi a kwamfuta ɗakinsa daban da lambarsa, kamar akwatin haruffan dalma mai gida-gida da ke sito. Lokacin da Baba ya zana nasa zubin haruffan, abin da ku kuke kira fon, babu ɗakin haruffa masu ƙugiya, sai ya kori baka da 'yan uwanta ya ba su ɗakunan. Sabuwar kwamfutarka ba ta san an yi wannan sauyin haya ba, tana buga ƙofa tana fito da tsofaffin masu ɗaki. Ya ce to yanzu sai an sake buga suna ɗari shida? Na ce ina dalili. Na kwafo zubinka daga tsohuwa na zuba a sabuwa, kafin ka ce me kowace ƙugiya ta koma mazauninta. Ka ga bakin Manaja har kunne. Ni kuwa kaina ya yi girma, na ce ai 'yar wane ce.

Aikin ne dai ba na so. Rajistar ƙungiyar direbobin babbar tasha ce, za a manna a bango kafin zaɓensu. Ciyaman yana son zarcewa, wani da ake ce wa Jan Wuya ya rantse sai ya sauke shi. Makon jiya sun ƙona bencinan ofis, an datse wa wani kwandasta kunne. Da suka zo duba gwajin da na fitar daga tsohuwar kwamfuta, kowane ɓangare da ƙarti biyar, masu sifana da masu bel ɗin fanka, suka zauna mana a kan rim ɗin takarda da takalmansu. Mai yankan takardarmu ya yi dariya don wani ya riƙe takardar a juye, sai ji muka yi tau! Mari ɗaya leɓensa ya fashe, jini ya ɓata mana kwali goma sha biyu. Haka suka bi sunayen ɗaya bayan ɗaya da yatsa, kowa ya sa hannu, suka fita ko sallama babu.

Gobe za mu buga mu rabu da su. Ka sa mu a addu'a, ka kuma daina cire ɗaurin gwiwar nan, Yaya ya kawo ƙararka.

Taka har kullum,
'Yar Tawada


Laraba

Baba,

Ina gaisuwa. Ina fata kana lafiya. Mu ba lafiya ba. Ka zauna kafin ka ci gaba da karantawa, kuma ka kira Yaya ya zauna kusa da kai.

Sun tafi da Mai Inji.

Jiya muka buga rajistar. Sakataren ƙungiya ya tsaya a kanmu yana duba agogo, yana cewa rana na yi. Ka san dokarka, takardar farko da ta fito daga inji a ɗora mata rula a karanta ta daga sama har ƙasa kafin a saki injin. Ban yi ba, Baba. Na ɗaga shafin farko, idona yana farautar ƙ da ɗ da ɓ kawai, tunda su ne suka ba ni wuya. Na gan su reras, na ce ai ɓangarorin biyu sun sa hannu a gwaji, me kuma ya rage? Na ɗaga wa Mai Inji hannu ya saki. Shi kuma ka san shi, ƙarfin tawada yake kallo, ba ya karatu. Sakatare ya kwashe su ko bushewa ba su gama ba.

Yau da hantsi ina shara a ƙofar ɗakin tsari na ji kamar an ɓaro duwatsu a kan kwano. Motoci uku suka tsaya a bakin shagon. Ban ƙirga mutanen ba. Na farko da ya shigo ya daki ƙofar gilashi da sifana ta zube gaba ɗaya. Mai yankan takarda ya miƙe zai yi magana, suka haɗa kansa da teburin injin yanka, sau biyu, na ji ƙarar har cikin haƙorana. Manaja kuwa tun kukan burki na farko ya rungumi sabuwar kwamfutarsa ya bi ta ƙofar baya ya cika wandonsa da iska, ya bar mu.

Jan Wuya da kansa ya shigo. Gajere ne, ashe, ni da nake zaton wani dogon ƙato. Ya manna min takarda a fuska har sai da na ji warin tawadarmu, ya ce in karanta sunansa. Na duba. Baba, a tsakiyar sunansa na yanka akwai wuƙa. Zanen wuƙa ne ƙarami daidai tsayin harafi, baƙi wuluk, da ƙotarta da bakinta, ta tsaya a inda haruffa ya kamata su tsaya. Ya nuna min sunan ƙanensa, wuƙa. Suna goma sha bakwai cikin ɗari shida, kowanne da wuƙa a cikinsa, kuma sha ɗaya mutanensa ne. Ya ce duk tasha ta karanta saƙon, an yi musu alamar yanka ne a bangon gidansu, kuma a shagon nan aka wasa wuƙar. Nawa Ciyaman ya ba mu, kuma wa ya karɓa?

Na rantse masa da abin da zai kashe ni. Na ɗauko gwajin da suka sa wa hannu, babu wuƙa ko ɗaya. Wallahi na ɗauka hakan zai wanke mu, ashe ƙara wa wutar fetur na yi. Ya ce ato, ga shaida, an nuna musu mai tsabta, da suka juya baya aka sa wuƙa. Ya tambayi wa ya kunna injin. Mai Inji ya fito daga bayan injin da tsumma a hannu ya ce shi ne, a bar matarsa. Ko rufe baki bai yi ba suka rufe shi. Bel, sifana, ƙafar kujera, wani har da gwangwanin tawada ya kwaɗa masa a ƙeya, jan tawada ya haɗu da jini na kasa bambancewa. Na faɗa kansa, wani ya fizge ni ta mayafi ya watsar da ni jikin kanta. Ina kwance ina kallo suka ɗauki tsohuwar kwamfutarka suka maka ta da ƙasa, suka bi ta da ƙafa har sai da hanjinta ya fito. Suka ja hannun Mai Inji na dama suka shimfiɗa a ƙarƙashin wuƙar injin yanka, wani ya kama mariƙin. Ihun da na yi, Baba, ina jin ko kai da ka ji shi.

Jan Wuya ya ɗaga hannu suka dakata. Ya ce ba yau ba. Za su ajiye shi a tasha har Lahadi da azahar. In na kawo sunan wanda ya sa wuƙar, in tafi da mijina da hannuwansa biyu. In ban kawo ba, za a aiko min da hannun a kwalin takardarmu. Suka jefa shi bayan mota kamar buhu.

Mai yankan takarda yana asibiti, an yi masa ɗinki tara. Manaja ya aiko wai ya kai ƙara, har yanzu ban ga kowa ba. Amaryarka tana wurin maƙwabciya, tana ta tambayar babanta.

Baba, ni ban taɓa zana wuƙa ba, ban san ma inda ake samunta ba. Amma na kalli zanen nan da tabaron ƙara girma, kuma na san hannun da ya yi shi. Yadda ƙotar ta lanƙwasa, haka ƙugiyar ƙ ɗinka take lanƙwasa. Don Allah kada ka ɓoye min. Direban motar da ke kawo mana takarda zai juyo jibi, ka ba shi amsa ko layi biyu ne.

'Yarka,
'Yar Tawada


Asabar

Babana,

Gaisuwa da fatan alheri. Takardarka ta iso jiya da la'asar, na karanta ta a tsaye a bakin titi. Na ga inda tawadar ta jiƙe. Kada ka sake yi min kuka a takarda, ba ni da ƙarfin ɗaukar nawa da naka.

Kafin ta iso na riga na kusa kama zaren. Shekaranjiya na je gidan Manaja, matarsa ta ce ba ya nan, alhali ga takalmansa a ƙofa. Na zauna a tsakar gidan na ce to ni ma ba na nan, sai an ba ni kwamfutar. Da ta ga zan tara mata unguwa ta shiga ta fito da ita a cikin zanin gado.

Na buɗe rajistar, ga wuƙaƙen nan a allo suna kallona. Da na duba shafi na biyu ranar Talata da na gan su, abin da ke cin raina ke nan. Na ce wa manhajar ta nemo min duk wani zane da aka saka a shafin, ta ce babu. Na ce ko wani ya shigo ya taɓa aikin, na duba, ba wanda ya taɓa bayan ni. Na sauya zubin haruffan zuwa na kamfani, wuƙaƙen suka ɓace ɓat, amma ƙ da ɓ suka koma baka da akwati. Na mayar da naka, suka dawo. Nan na san a cikin gidanmu ɓarawon yake.

Na rubuta sunayen goma sha bakwai a takarda na zuba musu ido har kaina ya fara sarawa. Ba garinsu ɗaya ba, ba layin motarsu ɗaya ba, shida ma mutanen Ciyaman ne. Can na kai alamar rubutu bayan wata wuƙa na danna gogewa sau ɗaya, don haushi kawai. Wuƙar ba ta goge ba, Baba, sai ta rikiɗe ta zama f. Na danna i, ta dawo wuƙa. Na buɗe sabon shafi na rubuta lafiya, ga wuƙa. Tafiya, wuƙa. Na yi ta yi kamar mahaukaciya ina dariya ina hawaye.

Sai ga takardarka ta ƙarasa min. Ashe ƙungiyar mahauta ce ta kawo aikin rasit shekara ashirin da biyu da suka wuce, suna son tambarinsu a kowane layi, kai kuma don kada ka riƙa manna hoto sau ɗari ka zana wuƙar ka sa ta cikin haruffa. Ka nemi ɗakin da ba kowa, ka samu na auren f da i, wanda Turawa ke haɗa su su zama harafi ɗaya don kyau. Ka ce tsohuwar manhaja ba ta taɓa buɗe ɗakin nan ba, sai ka kori ma'auratan ka ajiye wuƙa, ka manta. Ita kuwa sabuwar, duk inda ta ga f da i a jere sai ta ɗaura musu aure ba ta tambayi kowa ba, ta je ɗakin ta ɗauko abin da ta tarar. Na bi cikin saituna na samo wurin. Wani ɗan akwati ne da ko ƙwayar gero ta fi shi, an yi masa maki tun daga kamfani. Na cire makin, wuƙa goma sha bakwai suka koma haruffa a lokaci ɗaya. Na daɗe zaune ina kallon ɗan akwatin nan.

Don abin ya riga ya wuce hannun Mai Inji. Ranar Alhamis yaran Jan Wuya sun tare wani direban Ciyaman a wurin wankin mota, wai gara su riga su. Sun soke shi sau huɗu, ya cika kafin a kai asibiti. Mai shayin tasha ya ce 'ya'yansa uku, kuma shi ko zaɓen ma bai dame shi ba. Jiya mutanen Ciyaman suka ƙona motoci biyu. Mai shayin ne ke kai wa Mai Inji abinci a ɗakin tayoyi inda suka kulle shi. Ya ce idonsa ɗaya ya rufe, yana fitsarin jini, amma ya ce a gaya min kada in zo.

Yanzu maganar da ka rubuta a ƙarshe, wai za ka hau mota ka zo ka ce kai ne. Baba, ban taɓa ɗaga maka murya ba, yau zan ɗaga a takarda. Ba za ka zo ba. Mutanen nan ba bayani suke jira ba, wuya suke nema su ɗora wa abin, kai kuma ko tambayar da za su yi maka ba za ka ji ba. Na rubuta wa Yaya daban na ce ya ɓoye takalmanka da sandarka, in ka yi fushi ka yi da ni. Kai ka ajiye wuƙa a ɗakin da ba a shiga. Ni na kwaso ta na kai inda ake buɗe kowane ɗaki, ni kuma na ƙi ɗora rula.

Abu ɗaya na yi ban nemi izininka ba. Ka san zubin yana ɗauke da sunanka, duk wanda ya kalli saman allo zai gani. Na shiga na goge, na sa nawa. Ka yafe min. Tunda suka farfasa tsohuwar, kwafin da ke cikin wannan kwamfutar shi kaɗai ya rage a duniya, kuma gobe da shi zan tafi tasha.

Ka yi min addu'a irin wadda kake yi in za a saki babban aiki.

Taka,
'Yar Tawada


Laraba, bayan kwana goma

Babana abin ƙaunata,

Ina gaishe ka gaisuwar wadda ta yi kewarka. Yaya jiki, yaya gwiwa? Na ji ka yi kwana biyu ba ka yi wa Yaya magana ba saboda takalma. Ka sassauta masa, ni na sa shi. Kada rubutun nan ya tsorata ka, na san kamar kaza ta bi ta kan takardar. Da hagu nake yi, kuma yau kwana uku ina fama da wannan wasiƙar.

Mai Inji yana gida, hannuwansa biyu cif. Na fara da wannan don ka iya karanta sauran.

Ranar Lahadi na isa tasha da hantsi, kwamfutar a goye a bayana kamar jariri. Suka kai ni rumfar da Jan Wuya ke zama, mutum ya fi ɗari a tsaye, ga ƙonannun motoci can gefe suna wari. Aka fito da Mai Inji daga ɗakin tayoyi, da ƙyar na gane shi. Suka zaunar da shi a ƙasa, wani ya taka masa hannun dama a kan bulo, ga adda a ɗaya hannun. Jan Wuya ya ce suna. Na ce na kawo wanda ya yi, yana cikin nan, a ba ni tebur.

Na sauke kwamfutar a kai na buɗe murfin. Na ce a ba ni mutum ɗaya da ya iya karatu, wanda suka yarda da shi. Ya turo ƙanensa, mai wuƙa a suna. Na ce ni ba zan taɓa ba, shi zai danna. Na nuna masa f ya danna, kowa ya ga f. Na nuna masa i. Yana dannawa wuƙa ta yi tsalle ta fito, yaron ya ja da baya har ya ture benci. Wani ya ce tsafi ne, aka fara matsowa. Na ce a kawo kowace kalma. Wani daga baya ya ce a rubuta ƙarfi, aka rubuta, wuƙa. Wani ya ce a rubuta sunan uwar Ciyaman, aka yi dariya, aka rubuta, ba wuƙa, don ba f a ciki. Na karanto musu sunaye shida na mutanen Ciyaman da su ma aka soke, na ce shi ma kansa ya aika wa saƙon? Na cire makin nan a gabansu wuƙaƙen suka ɓace, na mayar suka dawo, sau uku. Na yi musu bayanin ɗakuna da lambobi da mahauta, da bakin da za su gane. Na ce kamar a ba fasinja lambar kujera ne, ya je ya tarar an ajiye kaya a kai.

Sun gane, Baba. Na ga lokacin da suka gane. Dariyar ta ɗan yi yawo a cikinsu, sai ta mutu, don kowa ya tuna wurin wankin mota. Wani saurayi da ke tsaye kusa da mai addar ya durƙusa ya fara amai. Ba wanda ya gaya min ko shi waye, ban kuma tambaya ba.

Jan Wuya ya fi kowa ganewa, shi ya sa fuskarsa ta fi ta kowa muni. Ya sa an kashe mutum, ga shi kuma mace ta zo gaban yaransa ta nuna masa a kan me. Ya matso har ina jin numfashinsa, ya ce to wuƙar ba da kanta ta shiga ɗakin ba, wa ya zana ta? Ya ce ya ji akwai wani tsoho da ya yi aiki a shagon. Manaja ne ya gaya masa, na tabbata, Allah ya isa tsakanina da shi. Na ce tsohon kurma ne, ko kunna kwamfuta bai iya ba. Ka yafe min wannan ƙaryar, ita ta fi yi min ciwo. Na juya masa allon na ce ƙanensa ya karanta sunan da ke sama. Ya karanta da ƙarfi: 'Yar Tawada.

Jan Wuya ya dube ni, ya dubi mutanensa. Dukan mace a gaban tasha abin kunya ne gare shi, barina in tafi haka nan kuma ya fi kunya. Sai ya karɓi sifanar taya daga hannun wani, ya ce a ɗaga ƙafa daga hannun mijinta, alkawari ya cika. Amma wuƙar nan ba za ta sake fita daga tashar nan ta shiga sunan wani ba.

Na san abin da zai yi, kuma wallahi na yarda. Tun a hanya na gaya wa kaina in dai kwamfuta ce a fansar hannu, su ɗauka. Amma da na ga ƙarfen ya tashi sama, ba wuƙar na tuna ba. Kai na tuna, kana zaune da tabarau biyu a hanci kana gyara cikin ɓ har sati guda, ina riƙe maka fitila. Ban san lokacin da hannuna ya kai kan maɓallan ba.

Yatsu uku ne da ƙashin bayan hannu. Ban ji zafi nan take ba, ƙarar na ji, kamar an taka busasshen kara. Na ji Mai Inji ya yi wata irin kururuwa ya taso da mutum biyu a jikinsa. Jan Wuya ya tsaya da sifana a hannu yana kallona, ya ce ke wace irin mahaukaciya ce. Ya sa aka janye ni, sannan ya sauke wa kwamfutar sauran, ban ƙirga ba, har sai da maɓallan suka watsu cikin ƙasa yara suna tsinta. Hannun nawa bai ceci komai ba. Mai shayi ne ya sa mu a mota, ni da Mai Inji, kowa yana riƙe da ɗan uwansa.

Likita ya ce babban yatsa da ɗan ali za su yi aiki, sauran sai yadda Allah ya yi. Manaja ya aiko wai kada in koma, na ce a gaya masa ko ya roƙe ni. Mai Inji ya fara taka ƙasa, shi ke ɗaure min ɗankwali, abin dariya, kullum a karkace. Shekaranjiya na je gidan direban da aka kashe na yi gaisuwa. Na zauna cikin mata, na kasa cewa ko ni wace ce. Ƙaramar 'yarsa ba ta wuce amaryarka ba. Wannan zan ɗauke shi har kabarina, kai kada ka taya ni, ka riga ka yi naka kukan.

Baba, haruffanka sun tafi. Babu su a shago, babu su a ko'ina, sai a tsofaffin littattafan da muka buga. Na san ka ce min in riƙe su kamar ido, ban iya ba. Maƙwabciyarmu mai shagon buga takardu ta ce in riƙa zuwa ina amfani da kwamfutarta da rana in babu mutane, ta kuma ce yanzu kowace ƙugiya tana da ɗakinta na halal, ba sai an kori kowa ba. Hagu tana koyo, jiya na rubuta layi biyar ban yi kuskure ba.

Ga roƙona. Na sa maka takarda mai gida-gida da fensir biyu a cikin ambulan nan. Da tabarau idonka garau yake, hannunka ma bai fara rawa ba. Ka zana min su ɗaya bayan ɗaya, manya da ƙanana, yadda ka yi da farko, ka riƙa ba direban motar takarda ko uku-uku ne. Ni zan shigar da su, ko zai ci shekara. Sunanka zan mayar a sama. Ka fara da ƙ, ita na fi kewa.

In ka zo kan ɗakin f da i, ka zana f da i kawai.

'Yarka mai ƙaunarka,
'Yar Tawada